Ruwan Alayyahu a Bayan Tanderu

Tun la'asar gidan Gausuddin mai gyaran darduma yake ƙamshin tafarnuwa da sabuwar gurasa. Daren Cella ne zai shigo, daren da ya fi kowane dare tsawo a shekara, kuma a birnin Herat na Afganistan duk mai dangi ba ya yin wannan dare shi kaɗai. An share ɗakin baƙi, an zuba garwashi a ƙarƙashin teburin jin ɗumi an lulluɓe shi da babban bargo, an fito da kankanar da aka binne cikin ƙaiƙayi tun ƙarshen bazara. Sanyi kuwa har cikin ƙashi mutum yake jin sa.

Matar gidan, Shahgul, tana madafa da 'yarta Mahtab, wadda ita kaɗai ta rayu cikin 'ya'yan da ta haifa. Yarinyar ba ta kai budurci ba, amma in ka ji hirarsu ta bayan katanga sai ka rantse ƙawaye ne. Shahgul mace ce mai raha, dariyarta har gidanmu take shigowa. Daga baya masu baki sun ce wannan dariyar ce ta ja mata, ni kuwa har gobe ina jin haushin duk wanda ya faɗi haka, domin ban ga uwar da ba ta taɓa shagala da 'yarta ba.

Borani za su haɗa, wato dafaffen alayyahu da kindirmo mai kauri da tafarnuwa, abin dangwalar gurasa kafin a kawo shinkafa. Alayyahun yana kan wuta Mahtab ta matso tana raɗa.

"Inna, bana mu yi wa baƙi dodo da boranin nan mana. Kullum kakata Bibi ce ke tsorata mu da tatsuniyar dodo, yau su gan shi a cikin kwano. Wallahi sai 'ya'yan Kawu sun jiƙa wando."

"Ke dai ba ki da kirki," in ji Shahgul tana dariya. "To ɓare rumman ɗin can, shi ne idanu."

Babu macen Herat da ba ta san cewa in rana ta yi ja ba a zubar da ruwan zafi a ƙasa sai an yi bisimilla, an roƙi masu wurin su kauce da yaransu ba. Shahgul ta sani, da bakinta ma ta koya wa Mahtab. Amma a wannan yammaci ta sauke tukunya daidai lokacin da ladan ya ɗaga murya, yarinyar na biye da ita tana kwaikwayon yadda 'ya'yan Kawu za su ruga. Bakin Shahgul cike da dariya ta tsiyaye koren ruwan nan mai tafasa a kan tokar da ke bayan tanderu. A duk tsakar gidan nan, wurin ne kaɗai ke da ɗumi.

Tururi ya tashi. A cikinsa suka ji wata 'yar ƙara siririya, ta yanke nan take.

"Inna, kin ji?"

"Mage ce. Zo mu gama kafin baƙi su iso."

Suka yi dodonsu. Farin kindirmo ya zama fuska, aka zuba alayyahu ya gangaro ta goshi da kumatu, aka sa jajayen 'ya'yan rumman a gurbin idanu, aka buɗe masa baki da baƙin zabibi. Da aka ajiye kwanon a tsakiyar ɗaki yara suka yi ihu, manya suka tuntsire, kowa ya kai gurasarsa. Bibi Hawa, mahaifiyar Gausuddin, ita kaɗai ta janye hannunta, ta ce ita dai tun tasowarta ba ta ga an yi wa abinci fuska ba. Aka ce tsufa ne, aka ci gaba da ci.

Ba a kai ga yanka kankana ba dutse ya fasa gilashin taga ya faɗo cikin kwanon. Gausuddin ya fita da fitila yana zagin yaran unguwa. Ƙofar gida a kulle take, kuma ba sawun kowa a kan dusar ƙanƙarar da ta fara sauka. Da ya ɗauki dutsen sai ya ji shi da ɗumi, duk jikinsa toka.

Daga ranar, magariba ta zama abin tsoro a gidan. Da zarar ladan ya yi shiru sai duwatsu su fara sauka a tsakar gida, ɗaya bayan ɗaya, ba gaggawa. Bayan su sai kuka daga bayan tanderu, kukan mace babba wadda ta gaji da kukan amma ba ta iya dainawa. Mu maƙwabta muna ji, mukan ja yaranmu ɗaki mu rufe ƙofa, da safe kuma mu gaisa da Gausuddin kamar ba mu ji komai ba.

Sannan abin ya koma kan Mahtab. Da fari zazzaɓi ne. Daga nan ta fara rufe fuska da tafin hannu duk sanda ta ga tururin butar shayi. Ta daina cin abinci, ko ruwa sai an ɗura mata. Takan zauna a lungu ta rungume abin da ba wanda ke gani, tana jijjiga shi tana lallashi da wata murya mai kauri da ba tata ba. Uban ya kai ta asibiti, likita ya duba ya ce bai ga ciwo ba, ya ba da maganin ƙarin jini. Yarinyar da ke cika gida da surutu ta rame har wuyan hannunta ya koma kamar na jariri.

Sai da ta kai haka Shahgul ta durƙusa gaban surukarta ta faɗi maganar ruwan alayyahu. Tsohuwar ba ta yi faɗa ba, abin da ya fi tsorata Shahgul ke nan. Mayafinta kawai ta ja, ta ce wa ɗanta ya je ya ɗauko Mulla Niyaz.

Mulla Niyaz tsoho ne mai tari, wanda ya daɗe yana aikin fitar da aljanu har ya daina yi wa mutane alkawari. Ya iso bayan la'asar, ya tsaya ya daɗe yana kallon tokar bayan tanderu, sannan ya shiga ɗaki. Ya sa aka zaunar da Mahtab tana fuskantar alƙibla, uban ya riƙe kafaɗunta, aka sa turare a garwashi. Ya fara karatu a hankali. Hasken taga yana raguwa, muryarsa na ƙaruwa, har jikin yarinyar ya sandare, kanta ya ɗago, muryar nan mai kauri ta fito daga bakinta.

"Ya isa, Malam. Kana ƙona ni."

"Wace ce ke?"

"Maƙwabciyarsu ce. Na riga kakansu zama a gidan nan."

"Kin yi imani da Allah?"

"Da ban yi ba, da tuni sun binne ta."

"To me yarinya ta yi miki?"

Idanun Mahtab suka juya suka tsaya a kan uwarta. Shahgul ta ce a duk rayuwarta ba a taɓa yi mata irin wannan kallo ba.

"Ni ma 'ya ɗaya gare ni," in ji muryar. "Sanyi ya dame ta, na kwantar da ita a kan toka. Kalma ɗaya ake faɗa, Malam, in ɗauke abata. Shekara da shekaru matan gidan nan suna faɗa, ina ɗaukewa. Wannan ta zo tana dariya ta juye mata tafasasshen ruwa a fuska."

"Wallahi ban sani ba," in ji Shahgul tana kuka. "Mantuwa ce, ki yi wa Allah ki yafe mini."

"Mantuwar kam da na yafe ta. Na ɗauko ta na zo bakin taga don ku ga abin da kuka yi, ko wani zai ce sannu. Me na tarar? Ga fuskarta a cikin kwano, fatar ta yi fari, koren ruwa na gangarowa, idanu jawur, baki a buɗe. Kuna dangwala gurasa a ciki kuna dariya."

Bibi Hawa ta sunkuyar da kai tana salati.

Mulla Niyaz ya ce wasan yara ne aka yi, ba wanda ya san da 'yarta, kuma Allah bai halatta a kama wani da laifin wani ba. Ya yi mata tayin a yanka rago, a bar mata bayan tanderu har abada, ba mai sake zuba ko ruwan sanyi. Ta yi wata dariya mara daɗi, ta tambaye shi ko rago yana mayar da ido. Ya ce to zai ci gaba da karatu har ta ƙone.

"Ci gaba. Amma ka taɓa hannun yarinyar tukuna, ka gaya musu tsakanina da ita wa zai riga wani mutuwa."

Tsohon ya kama wuyan hannun Mahtab ya riƙe. Da ya saki bai koma karatun ba. Gausuddin ya fahimta, ya fashe da kuka kamar ƙaramin yaro.

Shahgul ta ja gwiwa ta matso. "Ki ɗauki idanuna. Ki ɗauki hannun da ya zuba ruwan. Ni na yi, ba ita ba."

"Me zan yi da idonki? Makauniyar uwa ai 'yarta na rungume ta." Muryar ta yi ƙasa. "Tawa ta rayu, amma ba ta gani. Tun ranar, in na taɓa ta sai ta ƙwalla ƙara, ba ta yarda ni ce ba. Tana ta kiran uwarta alhali ina riƙe da ita. Abin da nake so ke nan ki ɗanɗana. Zan bar miki 'yarki da ranta da hankalinta da idanunta. Za ta san kowa. Ke kaɗai ce ba za ta sani ba."

"Kada ki amsa, 'yata," in ji Mulla Niyaz. "Irin wannan in an ƙulla, ni ban san yadda ake kwance shi ba."

"Malam, in ban amsa ba za ta kai gobe?"

Tsohon ya kawar da kai.

Shahgul ta kama fuskar 'yarta da hannu biyu, ta daɗe tana kallo, ta sumbaci goshinta. Sannan ta ce ta yarda. Mulla Niyaz ya sa aljanar ta rantse da Wanda ya halicce su duka cewa ba za ta dawo ba, ta rantse. Jikin yarinyar ya saki, ta faɗa ƙirjin ubanta. A waje ladan ya kira magariba, aka jira duwatsu, ba su sauko ba.

Da gari ya waye Mahtab ta farka ta ce yunwa take ji. Ta kira Baba, ta kira Bibi, ta tambayi 'ya'yan Kawu. Da Shahgul ta shigo da kwanon madara, yarinyar ta gyara mayafi ta gaishe ta da ladabi, sannan ta juya ga ubanta.

"Baba, ina Inna ta tafi?"

An yi duk abin da ake yi. An nuna mata hotuna, ta ce ga Inna nan a hoto, amma wannan matar ba ita ba ce. An kai ta wurin malamai har birnin Mazar. Uban ya yi lallashi, ya yi faɗa, har ya taɓa ɗaga mata hannu, Shahgul ce ta tare. A ƙarshe yarinyar ta saba da cewa akwai wata mata mai kirki da ke zaune da su tana yi mata kitso da wanki. Ba ta taɓa yi mata rashin kunya ba. Sai dai kullum rana ta yi ja takan je ta tsaya a bakin ƙofa tana duban hanya, Shahgul kuma takan kawo mata mayafi mai kauri don kada sanyi ya kama ta. Ba mu sake jin dariya ta katangar nan ba.

Da Cella ta zagayo ba a gayyaci kowa ba, ni kaɗai na shiga don kada a ce maƙwabta ma sun guje su. Shahgul ta yi borani, fari da kore a gauraye, ba ado ko ɗaya. Na ga lokacin da ta fita da ruwan alayyahun, ta ajiye shi ya huce sarai, duk da haka sai da ta yi bisimilla ta nemi a kauce kafin ta zubar.

Mahtab ta dangwali gurasa ta kai baki. Ta tsaya da taunawa, idanunta suka ciko. Shahgul ta zuba mata ido, ni ma haka.

"Baiwar Allah," in ji yarinyar, "wannan irin na Innata ne sak. In ta dawo zan gaya mata kin iya."

Shahgul ta tura mata sauran gurasar.

"To, ki gaya mata," ta ce. "Ci, kada ya yi sanyi."