Takardar Kumasi

A tashar jirgin ƙasa ta Kafanchan Caroline ta fara ganinsa, cikin 1977, ya sauko da akwatin ƙarfe guda ɗaya da furfura a gefen kunne. Ita tana sayar da cittar garinsu Kwoi a bakin tashar, shekara shida ke nan da rasuwar mijinta. Ya tambayi hanya da wata karyayyiyar Hausa, ta yi dariya har ta ba shi citta kyauta.

Malam Silvanus sunansa, mutumin Gana. Maɗaba'arsa ce ta durƙushe a Kumasi, ya zo ya sake rayuwa da alli a hannu yana ɗan shekara arba'in da biyar. Da yamma yana koyar da manya karatu, Caroline kuwa ta shiga ajin, wai don karatun kawai. Malamin nan ba ya barin magana ta wuce haka nan. Ko cewa ka yi za a yi ruwa, sai ya tambaye ka wa ya faɗa, kuma shi ina ya gani.

Ba a yi wata huɗu ba ta tsinci takarda cikin littafinta:

"Cittata, na baro ƙasata ina zaton na gama. Ashe ban fara ba. Ki aure ni. Silvanus."

Ta karanta da kanta, sau bakwai, kuma ta so shi ƙwarai.

Sai dai Gregory mai shagon magani, wanda ya daɗe yana zawarcinta, ya je Kwoi ya shaida wa mahaifinta Baba Kumai cewa baƙon yana da mata. Ya ce ya ga hotonta a ɗakinsa da yara uku, kuma da bakinsa yake ce musu yaransa. Tsoho ya ce ai magana ta ƙare, a ƙasar nan namiji ba ya ɗawainiyar yaran da ba nasa ba.

Caroline ta yi kuka, sannan ta share hawaye ta tunkari Silvanus. Ya ce matar da ke hoton ƙanwarsa ce Mildred, kuma a al'adarsu kawu ne ke riƙe 'ya'yan 'yar'uwarsa.

"Malam, ina son ka," ta ce, "amma bakinka ne kaɗai ya faɗa."

Maimakon ya ji haushi, sai murna ta kama shi. Ta sa faston cocinsu ya nemo adireshin wani fasto a Kumasi, ta rubuta masa da hannunta, ba ta yarda Silvanus ya gyara ko harafi ɗaya ba. Sati bakwai tana jira, har ta rame.

Da amsa ta iso, ta kai Kwoi ba ta buɗe ba. Gaban mahaifinta da dattawa ta karanta: Mildred ƙanwarsa ce uwa ɗaya, mijinta ya rasu, Silvanus ne ya riƙe yaran tun suna ƙanana, bai taɓa aure ba saboda su.

Baba Kumai ya ce jita-jita ba ta da gona, a kira baƙon.

Bayan an haƙe citta aka ɗaura aure a Kwoi. Da fasto ya nemi dangin ango su miƙe, bencinsu babu kowa. Sai tsohon ya dogara sanda, ya tsallaka daga ɓangaren amarya ya tsaya bayan Silvanus.

"Ga ubansa nan," in ji shi. "Ubangiji ya albarkace ku, 'ya'yana."