Buɗe Mana Inda Ka Tsaya

"Kaset? Nathan, kaset ka kawo wa Babana?"

Glory ce ke tambayar, tana tsaye a ƙofar gidansu da ke Karshi, hannu ɗaya a ƙugu. Nathan ya rungume sabon rediyo mai kaset a ƙirji kamar wanda ya ɗauko jariri, murmushin da ya zo da shi yana ta zubewa kaɗan-kaɗan.

"Ki tsaya ki ji mana, masoyiyata. Ba ke kika ce damuwarki wa zai riƙa karanta wa Baba Littafi idan na ɗauke ki ba? To na yi solving. Wani ɗan cocinmu mai murya kamar ta 'yan labarai ya karanta, na ɗauka. Baba ya danna nan kawai..."

"Shiga ka faɗa masa da bakinka."

"Haba Glory..."

"Shiga."

Shekarar ce da gwamnati ta tattaro komatsanta daga Legas ta tare a Abuja. Ma'aikata suka biyo ta da katifu da tukwane, sai dai gidajen da aka yi musu alkawari ba su kai kan ƙaramin akawu irin Nathan ba. Haka ya faɗo Karshi, ya kama ɗaki a gidan Inna Barira mai ƙosai, katanga ɗaya da su Glory. Ɗan soja ne, a barikin Legas aka haife shi, Hausarsa ma ta bariki ce. Ranar da ya fara gaishe ta da "kana lafiya?" sai da ta yi dariya har tulun kanta ya kusa faɗuwa. Ta wannan dariyar so ya shiga, bai kuma sake fita ba.

Mahaifinta, Baba Zacharias, manomin doya ne da idanunsa suka mutu bayan rasuwar matarsa. Tun yana saurayi yake da ɗabi'a guda da ko zazzaɓi bai isa ya raba shi da ita ba. Kullum da asuba zai buga tsohuwar garmar da ke rataye a jikin mangwaro, a taru a karanta ɗan yanki daga Littafi Mai Tsarki, daga inda aka tsaya jiya, ba a tsallake. Sai a yi shiru. Sannan ya bi kowa da tambaya, "Me ya ce maka?" Daga nan sai addu'a. Yayyen Glory duk sun yi aure sun watse, ita auta ta zama idanunsa.

Baba ya saurari kaset ɗin har ƙarshe, yana gyaɗa kai.

"Muryarsa da daɗi. To ɗana, tambayar min shi, me karatun ya ce masa?"

Nathan ya yi tsuru-tsuru. "Baba, ai inji ne..."

"Haka ne. To kai fa? Me ya ce maka?"

Nathan bai taɓa fashin coci ranar Lahadi ba, rigarsa ma ta fi ta kowa shan guga. Amma ya laluba kansa sama da ƙasa, abin da ya samo kawai shi ne, "Ya ce... mu zama mutanen kirki."

Glory ta ji kamar ƙasa ta tsage ta shige.

"Ba mai karatu nake nema ba," in ji Baba a hankali. "Wannan ba zai gagara ba. Tsorona gidan da 'yata za ta shiga. Ba na son gidan da sai Lahadi ake hura wuta. Ina manyanka?"

"Ba ni da kowa, Baba. Iyayena sun rasu."

Glory ta ɗago da sauri ta dube shi. Ta san yana da wa, Albert, makanike a Legas, wanda ko sunansa ba ya son a ambata. Nathan ya kawar da kai.

"A al'adarmu," Baba ya ci gaba, "saurayi sai ya yi wa surukinsa noma kafin a ba shi mata. Na ji hannunka da muka gaisa, laushi kamar burodi. In na ba ka garma, doyata ce za ta sha wuya. Ga naka noman: in na buga ƙarfen can, ka zo. Ka karanta, ka yi tunani, ka yi addu'a. Ranar da ya tsiro, zan sani."

"Har yaushe, Baba?"

"Ban sani ba. Ni ma jira zan yi."

Suna fitowa Nathan ya dire rediyon a kan dakali.

"Wannan wane irin interview ne, ba ranar gamawa? Glory, mu je rajista kawai a ɗaura mana!"

"Kada ka sake faɗin haka."

"Ba kya sona kenan?"

Hawaye suka cika mata ido. "Ina sonka har abin yana ba ni tsoro, Nathan. Amma ƙafata ba za ta bar gidan nan ba sai da albarkar Baba. In ka ce ba za ka iya ba, zan yi kuka, zan rame, amma ba zan bi ka ba."

Nathan ya dube ta. Sannan ya ja dogon numfashi ya ce, "Ƙarfe nawa ake buga abin?"

Kwanakin farko kam abin dariya ne, in ba ke ce mai jiran aure ba. Motar ma'aikata da sassafe take tashi daga Nyanya, don haka Nathan yakan faɗo gidan da laktaye a aljihu, idanu jajur. Karatunsa na Hausa kamar mai tafiya ba takalmi a kan tsakuwa. Wata rana ana tsakiyar addu'a, inda ya kamata a ji "amin" sai aka ji minshari.

Da ya ga abin ya ƙi, sai ya ɓullo masa irin na ma'aikaci. Ya riƙa haddace amsa kamar mai shirin jarrabawar ƙarin girma, ya zo ya zazzage ta tsaf.

"Wannan fasto ne ya faɗa, na san muryarsa," in ji Baba. "Kai nake tambaya."

Inna Barira ma ta shiga aikin ba wanda ya sa ta. Tana idar da sallar asuba za ta dirka wa ƙofarsa duka. "Ɗan Ikko, tashi, ladaninku ya buga. Za ka yi asarar 'yar mutane saboda barci?"

Sannu a hankali abu ya fara canzawa. Glory ce ta fara lura, don mai so ba abin da ke wuce idonta. Ya daina duba agogo. Shirun nan na bayan karatu, da yake jin sa kamar horo, ya fara zama a cikinsa har sai an taɓa shi. Amsoshinsa suka gajarce. Wata safiya ya sosa ƙeya ya ce, "Ya ce in daina zagin oga a zuciyata." Baba ya yi dariya har da tari. Ranar Glory ta yini tana waƙa a bakin murhu.

Karatunsu ya shiga littafin Matiyu kenan ofis ya tura Nathan Legas, ya je ya tattaro sauran fayilolin da aka baro. Ba a faɗa masa ranar dawowa ba.

"Ka san inda muke," in ji Baba da ya zo sallama. "Mu dai kullum yanki ɗaya."

Glory ta raka shi tasha, ta danƙa masa ƙaramin Sabon Alkawarin mahaifiyarta. "Ba wanda zai buga maka garma a can."

"Ba Inna Barira kuma," ya ce, yana ƙoƙarin sa ta dariya. Ba ta yi ba.

Makonni suka yi ta wucewa, shiru. Aka tone doya, aka kai kasuwa. Matan kasuwa suka fara yi mata jaje tun ba a yi mutuwa ba, wai wanda ya tashi a Legas in ya koma ya koma kenan. Ita dai kullum takan buɗe Littafin ta karanta. Da Baba ya tambaye ta wata rana, sai ta ce, "Ya ce in jira. Amma Baba, jiran da ciwo."

"Na sani, autata," ya ce, ya lalubo kanta ya shafa.

Sun gama Matiyu har sun yi nisa cikin Markus, ranar da Baba ya buga garma sai aka yi sallama a ƙofa. Glory ta kusa yar da fitilar hannunta. Nathan ne, ya rame, ya yi duhu, amma shi ne. Ya durƙusa ya gaida Baba, ya saci kallonta.

Baba bai tambaye shi hanya ba, bai tambaye shi aiki ba.

"Ɗana, yau kai za ka karanta. Buɗe mana inda ka tsaya."

Nathan ya ciro ɗan Littafin. Glory ta leƙa, gabanta ya yanke ya faɗi. Yana nan a farkon Matiyu, kusan inda suka rabu. Wato duk tsawon kwanakin nan bai karanta komai ba. Shi kenan, Legas ta cinye noman. Ta sunkuyar da kai don kada ya ga hawayenta.

Ya karanta, ba gargada ko ɗaya, kamar wanda ya san kowace kalma. Wurin nan ne da aka umarci mai kawo wa Allah hadaya ya ajiye ta tukuna, ya je ya shirya da ɗan'uwansa. Ya rufe. Aka yi shiru.

"Mun wuce nan tuntuni," in ji Baba.

"Na sani, Baba. Kullum da asuba nakan buɗe, in karanta wurin nan, in kasa wucewa. Kai ka ce ba a tsallake."

"To me ya ce maka?"

Nathan ya ajiye Littafin. "Ya ce na yi maka ƙarya. Ina da wa, Baba. Lokacin da mamarmu ta rasu ina hanya, ya binne ta bai jira ni ba. Na tsaya a gaban jama'a na zage shi, na ce daga ranar ba ni da ɗan'uwa. Shekaru ban waiwaye shi ba. Na so in juya shafin nan in kamo ku, don kada in rasa Glory... amma hannuna ya ƙi. Na yi ta addu'a Allah ya sauƙaƙa min, ya ba ni wata aya. Bai ba ni ba. Sai da na je garejinsa na durƙusa a cikin baƙin mai."

Ya juya wajen ƙofa. "Yaya, shigo."

Wani ƙaƙƙarfan mutum mai furfura jifa-jifa ya shigo da ƙwaryar goro, goshinsa sak na Nathan. Inna Barira na biye da shi, bakinta har kunne, da alama ita ta ɓoye baƙon tun jiya. Mutumin ya durƙusa gaban Baba.

"Baba, sunana Albert. Shekaru ina roƙon Allah ya dawo min da yaron nan, ashe a gidanka ake gyara min shi. Ni ne babbansa. Mun ga iri a gidan nan, mun zo roƙo."

Glory ba ta taɓa ganin hawaye a idanun mahaifinta ba tun ranar da aka binne mamarta. Yau ga su suna gangarowa cikin gemu. Ya miƙa hannu yana lalube har ya samu kan Nathan, ya dafa shi da ƙarfi.

"Da ka kamo mu a Markus, da na ce ka iya karatu. Wannan kuwa ya tsiro, har ya yi 'ya'ya. Noma ya yi, ɗana. Na ba ka."

Inna Barira ta rangaɗa guɗa da asubar fari, har kajin unguwa suka firgita.

"Autata," in ji Baba yana murmushi, "ke me ya ce miki?"

Glory ta buɗe baki, kuka da dariya suka rigayi magana fitowa. "Baba... yau kam a ɗaga min."

An ɗaura aure bayan Kirsimeti, coci ya cika har waje, Albert ya taka rawa kamar shi ne angon. Gidan gwamnati dai shiru, don haka ɗakin Inna Barira aka kai amarya, tsallaken katanga kawai. Cikin kayan da Baba ya ba su har da wani abu mai nauyi a naɗe cikin tsumma: tsohuwar garmar mahaifiyarta.

Washegari da asuba Glory na cikin barcin gajiya ta ji ƙarar ƙarfe dab da taga. Ta shafa gefenta, ba kowa. Ta fito tana gyara ɗankwali, sai ga Nathan tsaye gindin gwanda, ya rataye garmar, yana shirin ƙara mata wani dukan.

Daga bayan katanga suka jiyo dariyar Baba Zacharias. An riga shi, karo na farko tun kafin a haife ta. Can sai tasa garmar ta amsa.

"Oh ni Barira," aka ce daga cikin ɗaki, "yanzu kuma ladani biyu gare ni."

Nathan ya saƙala Littafin a hammata, ya miƙo wa Glory hannu.

"Taso, amaryata. Baba na jiranmu, kuma ina da sauran Matiyu a gabana."