Taimake Ni, 'Yata

A can wani zamani an yi wata mai saƙar tabarma, wadda ba ta taɓa miƙa wa kowa hannu ba. Ran nan tana kasuwa, gobara ta cinye ɗakinta da kabar da take saƙa da ita. Ta zauna bakin toka, ta ƙi roƙon kowa.

Sai ga tsohuwa maƙwabciyarta ta dogaro sanda. Ta ce, "'Yata, taimake ni. Ɗakina ya yi mini girma, zo ki taya ni zama." Ta bi ta.

Tsohuwa ta tuƙa tuwo, ta ce, "'Yata, taimake ni. Tuwon nan ya fi ƙarfina." Ta ci.

Kashegari tsohuwa ta jawo damin kaba, ta ce, "'Yata, taimake ni. Idona ya mutu, kaba za ta lalace. Saƙa ki sayar." Ta yi ta saƙa tana sayarwa, har ta gina sabon ɗaki.

Ranar da za ta tare, sai ta hango tsohuwa ta zura zare a kafar allura, tashi ɗaya! Hawaye ya zubo mata. Ta durƙusa ta ce, "Inna, ashe kina gani?"

Tsohuwa ta yi murmushi, ta ce, "'Yata, taimake ni, ki rufa mini asiri."