Wadda Ta Tsaya a Shafin Dama

Inna Saude ba ta taɓa ganin aikin banza irin na 'yan boko ba. Tun da mijinta ya rasu ita ke riƙe da gonar tumatir a bakin kanal ɗin Kadawa, ko dillalan Legas sun san ba a taya mata kwando da wasa. Amma ga 'yarta Nafisat, mai karatun jarida a Kano, ta tsayar da ita a kan kunya kamar mutum-mutumi.

Wai aikin makaranta ne. Shafi biyu na tsakiyar mujalla, hoto ɗaya ya ratsa su: uwa a hagu, gona a dama.

"Takardar da ƙarshenta ƙunshin ƙosai," in ji Inna. "Ke, rana ta faɗi."

"Inna, hasken yanzu ya fi kyau."

Nafisat ta duba waya, ta yi tsaki. "Shafin dama ya yi fayau. Da ma wani ya zo ya tsaya min a can."

"Rufe bakinki! Da almuru ake gayyata?"

Kwaɗi suka yi tsit. Ruwan kanal ya daina gudu. Wani ƙarni ya taso, na laka da ruɓaɓɓen tumatir.

Nafisat ta sake ɗauka. Ta duba hoton.

"Inna," ta ce da raɗa, "akwai mace."

A fili babu kowa. A cikin wayar kuwa ga ta, doguwa, zanenta na ɗigar ruwa, ba ta da inuwa.

Yarinyar ta saki wayar. Ta fara takawa wajen kanal, ido a buɗe, ba ta ƙiftawa.

Inna ta cafko damtsenta. Sanyi kamar randa.

"An kira ni," in ji wata murya daga ƙasan ruwa. "Na zo. Ba na komawa hannu rabbana."

Inna ta ƙara riƙe damtsen gam. Ta yi bismilla a zuci. Sai kunnenta ya gane abin da ya sani: wannan ai ciniki ne.

"'Yata? Albarka."

"To gonar duka."

"Ji min mayya! Kin taɓa ba ta ruwa? Albarka."

Ƙafar Nafisat ta shiga ruwa.

"Rabin gonar," in ji muryar.

"Fangali ɗaya, na bakin kanal. In bai yi miki ba, tafi ki gwada wata kasuwar."

Ruwa ya kai gwiwa. Farcen Inna ya nutse a fatar 'yarta.

"Biyu."

"Ɗaya na ce!"

Nafisat ta tsaya cak a cikin ruwa.

"Na karɓa."

Kwaɗi suka ɓarke. Nafisat ta faɗo jikin uwarta tana amayar da ruwan laka.

Mujalla ta fito da hoton kwanduna a kasuwar Kura maimakon na gonar, malami ya ba da maki mai kyau. Nafisat ba ta ƙara kwana a Kadawa ba.

Fangalin nan kuwa Inna ba ta sake shuka shi ba, amma duk rani sai ya yi jajir da tumatir manya-manya. Ko awakin Fulani ba sa kai baki.

In ta zo wucewa takan tofar da yawu.

"Aljana guda," takan ce, "ko ciniki ba ta iya ba."

Amma ba ta faɗar haka sai rana na tsaka.