Ɗorawar Inna Halimatussa'adiya

Da hantsi tsohuwar ta shigo caji ofis a Kankiya, ƙafafunta futu-futu, rungume da ɓawon itace mai faɗin faifai. Ta dire shi a kan kantar 'yan sanda.

"Yallaɓai, an kashe mani ɗorawa ukku. Saura guda. In ta tahi, nima na tahi."

Sufeto Sharafaddeen ya fito daga ofishinsa ya ba ta kujera. Sunanta Inna Halimatussa'adiya, daga wani ƙauye a bayan Fakuwa. Mijinta ya sayar da gonarsu kafin ya rasu, amma a wajensu ƙasa daban, itace daban. Ɗorawa huɗun da ke cikin gonar gadonta ne daga uwarta. Da kalwarsu take daddawa, da daddawar take ci, take ciyar da marayun 'yarta.

"Wa kike zargi, Inna?"

"Mutanen gari sun ce Bube mai magani. Har sun ce yau za su ƙone mashi bukka."

Wannan ce ta sa sufeto ya ɗauki makullin mota bai ko ƙarasa shayinsa ba.

A gonar, abin babu kyan gani. An zagaye gindin uku daga cikin bishiyoyin da sara, an ɗaye ɓawon tas, ganyen sama har ya soma yaushi, ga 'ya'ya sun kusa nuna. Itacen da aka yi wa haka ba ya tashi. Tsohuwar ta dafa ɗaya tana kuka kamar mai ta'aziyya.

Sufeto ya tsuguna. Ɓawon duk yana zube a ƙasa, ban da wanda Inna ta kai ofis ba a ɗauki ko ɓalli ba. Abin da ya fi ɗaure masa kai shi ne raunin da kansa: an kwaɓa jar ƙasa da ruwa an shafe shi a tsanake, har shatin yatsu ya fito.

Ya sami Bube a ƙofar bukkarsa, samari sun yi masa zobe da sanduna. Da ganin kaki suka ja baya.

"Ka taɓa ɗorawar Inna?"

"Ni? Ban ma san hanyar gonar ba."

"To jan ɓawon can da ka shanya, na rimi ne?"

Bube ya sunkuyar da kai. "Na ɗiba, ranka shi daɗe, ban roƙa ba. Amma tahin hannu guda, ta gabas, kamar yadda ubana ya koya mani. Mai magani ba shi zagaye itace. In na kashe shi, baɗi in sassaƙi mi?"

"Kai ka shafa ƙasa a raunin?"

"Ni toka nike sawa. Jar ƙasa da ruwa, wannan aikin gidan su Inna ne, garin nan kowa ya sani."

Sufeto ya bar kofur yana gadin bukkar, ya wuce wajen Alhaji Jafaru, wanda ya sayi gonar. Alhaji ya rantse har da dafa ƙirji cewa yana son bishiyoyin nan kamar 'ya'yansa. Sai da aka tuna masa ya taɓa cewa inuwarsu na cinye masa gero sannan rantsuwar ta yi sanyi.

"Na faɗa, ban musa ba. Amma da ina son su mutu ai da na karɓi tayin ɗan Inna."

"Wane tayi?"

"Na Sadisu mana, mai acaɓa a Kankiya. Ya zo nan shina roƙona in kewaye gonar da waya, in hana uwar tashi shiga. Na ce ni ba ni shiga tsakanin ɗa da mahaifi."

A hanyar komawa Kankiya, sufeto ya tambayi tsohuwar ko Sadisu ya leƙo ta kwanan nan. Ta ce rabonsa da gida tun Sallah. Ta faɗa da sauri, fuskarta na kallon taga.

Sun tarar da shi a bakin tasha, zaune kan babur, idanunsa jajur kamar wanda ya daɗe bai runtsa ba. Da ya hango uwarsa a motar 'yan sanda, bai yi yunƙurin gudu ba.

"Yaushe rabonka da ƙauye?"

"Tun Sallah, Yallaɓai."

"Miƙo hannunka."

Ƙaron ɗorawa ba ya fita da sabulu. Yana nan a ƙarƙashin faratansa, ja-ja, yana nan a bakin addar da ke ɗaure a ƙasan kujerar babur.

"Wanda ya zo kashe itace ba ya tsayawa yi masa jinya," in ji sufeto. "Sai wanda aka rena a gindinsa. Me ya kai ka?"

Sadisu ya zame daga kan babur ya durƙusa a gaban uwarsa, jama'ar tasha na kallo.

"Inna, gonar nan bakin daji take. Watan jiya 'yan bindiga suka ɗauke Jamilatu 'yar garinmu a gonar da ke maƙwabtaka da ke, har yau ba labarinta. Na roƙe ki, na yi kuka, na kama ɗaki a nan don ke da yaran. Kika ce muddin ɗorawarki na tsaye ba inda za ki. Kullum waya ta yi ƙara sai in ce shi ke nan, an ɗauke ki. Mi zan sayar in fanso ki? Babur ɗin ma ba nawa ba ne."

"Shi ne ka yanke mani abinci?"

"Gara in gan ki da yunwa da in ji ki a daji. Ta huɗun ma na je mata. Na ɗaga adda, hannuna ya ƙi."

"Kuma ka bari za a ƙone bawan Allah saboda kai," in ji sufeto. Sadisu ya rufe fuska da tafukansa.

Tsohuwar ta daɗe tana kallon ɗanta.

"Yallaɓai, na janye ƙarata."

"Taki kin janye, Inna. Amma malamin daji, mai kula da itatuwa na hukuma, ya riga ya shigar da tasa, kashe ɗanyen itace laifi ne. Ga kuma Bube da aka kusa hallakawa. Zan faɗa wa alƙali duk abin da na ji a nan, iyakar abin da zan iya ke nan."

Sufeto bai sa masa ankwa ba. Ya riƙe shi a kafaɗa har bayan mota, ya ce a mayar da Inna gida, tun da ɗorawar da ta rage na jiran ɗiba.

Ba ta ko motsa ba.

"Tsuntsaye su ci," ta ce. "A aika a kwaso mani jikokina. Wa zai kai mashi tuwo bayan kanta? Kankiya ya so in taho, to ga ni na taho."