Gem Ɗin Yaya

Auta na durƙushe a falo tana guga Yaya ya fito daga ɗakinsa rungume da kwamfuta, bakinsa har kunne.

"Mama, na gama! Shekara uku cur, yau Allah ya nufa!"

Mama ta ɗaga hannu tana hamdala. Tun rasuwar mahaifinsu Yaya ne uba a gidan, shi ne kuma zai ba da auren Auta. Aikin ofis ya ajiye don ya ƙirƙiro gem ɗin nan, wasan kwamfuta na mutum biyu, ɗaya da takobi, ɗaya da kibiyar wuta, su haɗa kai su yaƙi dodanni har su kashe wani maciji mai kai bakwai.

Ya dubi Auta. "Ke, ki gaya wa Dogon naki ya zo ran Asabar mu buga, ya yaba shi a shafinsa. Daga nan sai ya turo magabatansa."

Auta ta kusa ƙona rigar da take gogewa. Dogo saurayinta ne, sana'arsa sharhin gem a intanet, mabiyansa kuwa Ba-sani-ba-sabo suke kiransa. Ita ta san abin da ke cikin tukunyar, don sau biyu ta buga da Yaya. Dodannin duk kamarsu ɗaya, in ka sari ɗaya sai ya tsaya yana kallonka kamar tunkiya. Tsoro ne ya sa ranar ta ce, "Kai Yaya, ya haɗu!"

Ta shige kicin ta kira Dogo.

"Don Allah, filis, in ya tambaye ka ka ce ya yi kyau. Sau ɗaya kawai!"

"Auta, in na yi wa yayanki ƙarya don in same ki, gobe da wane baki zan ce ki yarda da ni?"

"Ba ka san Yaya ba ne! Wallahi raba mu zai yi!"

"Ki yi addu'a. Ba zan ci masa fuska ba."

Ran Asabar da la'asar Yaya da Dogo suka zauna gaban talabijin, kowa da remot a hannu. Auta ta laɓe bayan labule. Ba a yi minti goma ba jarumin Dogo ya maƙale a jikin bango, sai ƙafafunsa ke wutsilniya. Aka sake daga farko. Suka isa wata gada da sai mutum biyu sun ja sarƙa tare za ta sauko, suka ja, suka ja, gada ta ce ba da ni ba. Da ƙyar suka kai ga macijin, sara uku ya faɗi matacce.

"To, ya ka gani?" in ji Yaya.

Dogo ya ajiye remot a hankali. "Yaya, zanen dajin nan ban taɓa ganin irinsa ba. Amma gem ɗin bai nuna ba. Yaƙin ba daɗi, kuma jarumi na biyun ɗan rakiya ne kawai. In ka sake shi haka, mutane za su yi maka ca."

Auta ta ji kamar ƙasa ta tsage ta shige.

"A gidana? Ni za ka gaya wa haka?" Yaya ya miƙe yana huci. "Fita! Kuma muddin ina numfashi, ka cire Auta daga ranka!"

"Haba, ɗan nan—" in ji Mama.

"Mama, ki bar ni!"

Dogo ya ba da haƙuri ya fita. Washegari ya aiko da ambulan mai kauri, Yaya ya wurga shi ƙarƙashin gado ko buɗewa bai yi ba. Ya hana Auta ɗaukar wayar Dogo. Ta rame ta lalace, ko takun Yaya ta ji a tsakar gida sai ta shige ɗaki. Kullum tana leƙa shafin Dogo da fargabar ya saki bidiyon ramuwa, amma bai ce uffan ba.

Abokan Yaya suka yi ta zuga shi, "Hassada ce, maigida, sake shi kawai!" Ya saki gem ɗin. Kwana biyu kwament suka cika da dariya da zagi, ana ta yawo da bidiyon jarumin da ke wutsilniya a bango. Masu zugar suka ɓace ɓat. Yaya ya kulle kansa a ɗaki, ba ci ba sha.

Rana ta uku da hantsi Mama da Auta suka buga ƙofa har hannu ya gaji, shiru. Mama ta fara salati. Auta ba ta san lokacin da ta kira Dogo ba. "Ka zo! Yaya ba ya amsawa!"

Shi ya ɓalle ƙofar. Suka tarar da Yaya yashe a ƙasa, numfashi sama-sama. Dogo ya saɓe shi sai asibiti. Likita ya ce jininsa ne ya hau, ga yunwa, da an ƙara jinkiri da labari ya sha bamban.

Da ya farfaɗo, Auta ta durƙusa bakin gadon tana kuka. "Yaya, ka yafe mini. Ni ma na ga matsalar tun farko, tsoronka ya sa na yi maka ƙarya."

Yaya ya ce, "Duk kun bar ni na fita kasuwa tsirara. Mutum ɗaya ne ya miƙo mini riga, shi na kora." Ya juya ga Dogo. "Me ke cikin ambulan ɗin da ka aiko?"

"Gyare-gyare ne, Yaya. Shafi goma sha ɗaya."

"Goma sha ɗaya! Kai ko tausayi babu?" Dariya ta ƙwace masa, hawaye na gangarowa.

Wata biyar suka yi suna gyara tare. Gem ɗin bai zama gagara-badau ba, amma gada ta sauko, masu bugawa suka fara dawowa. Ranar da magabatan Dogo suka zo, Yaya da kansa ya shimfiɗa musu darduma.

Da za a kai amarya, Mama ta riƙe hannunta ta ce, "Auta, ki riƙe wannan. Mai sonka shi ke gaya maka gaskiya ko da za ka kore shi, sannan ya yi haƙuri ya jira ka huce. Kada tsoro ya ƙara sa ki yi wa naki ƙarya."