Ranar da Aka Sace Gwaggo

Ranar Litinin da hantsi Manajan wani kamfanin jigilar kaya ya kawo ƙara caji ofis, yana gumi kamar wanda aka koro. An sace musu babbar kwamfuta, irin wadda ake kira saba. Ma'aikata sun laƙaba mata Gwaggo saboda tsufa da yawan gunaguni.

Sufeto mutum ne da ko saƙon waya sai jikarsa ta buɗe masa, amma ya san ɓarayi kamar yunwar cikinsa. Ya ɗauki hularsa, ya kira kofur ɗinsa suka tafi.

Ɗakin kwamfutocin yana da sanyi har cikin ƙashi. Akwatunan ƙarfe sun yi layi, yawancinsu wayam.

"Duk waɗannan aka kwashe?" in ji Sufeto.

"A'a, yallaɓai," in ji Manaja. "Da muna da saba arba'in. Yanzu duk aikinsu ya koma cikin waɗancan ukun na kusurwa. Girgijenmu na kanmu ke nan."

"To ina arba'in ɗin?"

"Suna ciki suna aiki, sai dai ba a ganinsu."

Sufeto ya gyaɗa kai, ba don ya gane ba.

Manaja ya ce an farfasa tsofaffin, saura Gwaggo da za a goge a fasa yau. A cikinta akwai sunaye da adireshin mutum dubu hamsin. Katin ƙarshe da ya buɗe ƙofar kuwa na Injiniya ne, wadda ta jagoranci mayar da aikin cikin sababbin ukun, ranar Juma'a ƙarfe biyar.

"A tafi da Injiniyar kawai, yallaɓai. Takardar korarta ma na kan teburina."

Sufeto ya durƙusa gaban gurbin Gwaggo, gwiwarsa na ƙara. An naɗe wayoyi tsaf, kowace da takardar shaidarta. Kusoshi huɗu suna zaune cikin murfin kwalba. Shekara talatin yana aikin nan, bai taɓa ganin ɓarawo mai ladabi haka ba. A bayan ƙofa kuma ya ga ƙusa da zare yana reto, babu komai a jikinsa.

Ya sauka wurin maigadi.

"Wa ya shigo ranar Asabar ko Lahadi?"

"Ko ƙuda, ranka ya daɗe."

"Ban da kati, ana iya buɗe ɗakin can?"

"Akwai makullin ƙarfe, na ranar da wuta ta ɗauke. Amma ni baƙo bai wuce ta gabana ba."

"Ban ce baƙo ba."

Maigadi ya shiga gyaran igiyar takalmin da ba ta kwance ba.

Injiniya na zaune a ofishinta, ta rungume jaka a ƙirji kamar mai goyon gaba. Ba za ta wuce shekara talatin ba, idanunta sun yi ja.

"Me ake ratayewa a bayan ƙofar can?"

"Wani tsohon littafi ne. Mun yar da shi tuni."

"Wa ya ɗauki Gwaggo?"

"Ni ce."

"Nawa ne nauyinta?"

Ta ƙara ƙanƙame jakar.

"'Yata, ko ni da kofur ɗina sai mun yi nishi. Ƙarya ba sana'arki ba ce. Ba ni jakar."

Littafin na ciki. Shafi bayan shafi, rubutun hannu ɗaya: rana, lokaci, ma'aunin sanyin ɗaki, sa hannu. Rubutun ya tsaya ƙarshen watan jiya. Sai ga layi guda a ƙasa: Asabar, biyu da minti goma na rana, sanyi goma sha tara. Wurin sa hannu ne kawai aka bari fili.

Sufeto ya yi dariya har da tari. Sabo turken wawa. Mutum ya zo sata, amma hannunsa ya ƙi fita sai ya cika littafi.

"Na wane ne?"

Hawaye ya zubo mata. "Baba Mai Waya. Shekara ashirin da biyu yana kula da ɗakin nan. Shi ya koya min riƙe sukudireba. Aikin da na yi ne ya sa aka ce ba a bukatarsa, ya yi ritaya. Yau da safe na ga rubutunsa a littafin, na cire na ɓoye. Don Allah, yallaɓai, na riga na raba shi da aikinsa, kada in kai shi kurkuku kuma."

"Tashi ki raka ni."

Matar Baba ce ta buɗe musu ƙofa, tana fifita da kwali.

"Gara da kuka zo," ta ce. "Kwana biyu ya ƙwace min fanka ya kai wa kayan ƙarfe. Ni da na haifa masa biyar ina nan ina narkewa."

A ɗakin ajiya suka same shi, dattijo siriri mai gilashi a kan hanci. Gwaggo na bisa teburin cin abinci, an shimfiɗa mata zane mai tsabta, fanka biyu na kaɗa mata. Gunaguninta ya cika ɗakin.

"Wannan tawa ce," in ji Baba. "A kasuwa na saya."

Sufeto ya buɗe littafin ya miƙa masa. Baba ya daɗe yana kallon rubutunsa.

"Goma sha tara ya yi yawa," ya ce a hankali. "Na sha gaya musu sha takwas."

"Baba, ka san wa za a rufe yau saboda wannan? Ita. Katinta ne na ƙarshe. Ta ce min ma ita ta ɗauka."

Dattijon ya nemi kujera ya zauna. Sai yanzu ya ga Injiniya a bakin ƙofa.

"Ni na ɗauka," ya ce. "Da tsohon makullina. Maigadi ya kama min muka sa a mota, na ce masa gyara zan kai ta. Ban buɗe sunan kowa ba, ban sayar da komai ba."

"To don me?"

"Don ita. Na ga ta tara aikin kamfani gaba ɗaya cikin abin da hannu ba ya taɓawa. Na ce ranar da abin nan ya tsaya, wa za su kama? Yarinyar nan. In sun fasa Gwaggo ba ta da madafa. Sai na ce bari in ajiye mata, in ta ɓaci in fito da ita."

Injiniya ta zo ta durƙusa a gabansa.

"Baba, kwafi biyu na yi, ɗaya ma a wani gini yake. Kowace Laraba nake gwada su. Ba kai ka ce wanda bai gwada ajiyarsa ba bai ajiye komai ba?"

"Kowace Laraba?"

"Ban taɓa tsallakewa ba."

Ya cire gilashi ya goge da bakin riga, ya sake gogewa. "Ashe kin ji," ya ce.

Tausayi ya kama Sufeto, har ya juya yana duba silin. Amma doka ba ta san tausayi ba, kuma sunayen mutum dubu hamsin sun kwana biyu a kan teburin cin abinci. Ya buga wa Manaja waya a gabansu, ya ce ya yaga takardar korar nan, Injiniya ba ta da laifi. Ya ƙara da cewa zai rubuta duk abin da ya gani, har da cewa ba a taɓa komai ba.

Kofur ya zaro ankwa. Sufeto ya harare shi, sai ya mayar da ita.

"Mu je, Baba."

"A ba ni minti uku in kashe ta yadda ya kamata."

Ya kai hannu kan maɓallan, ya kasa dannawa. Injiniya ta matso ta kashe masa, bi da bi, yana tsaye a kanta yana dubawa. Bai sami abin gyarawa ba. Ta riƙe masa hannu har mota, ta shiga baya ta zauna kusa da shi, ba wanda ya ce ta fita.